Malam Aminu Kano, malamin da ya koya wa talaka sanin haƙƙinsa



Iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan uwa, a shafin tarihin magabata na wannan Juma'a mun ɗauko rayuwar marigayi Malam Aminu Kano. Yawancin yaranmu da aka haifa a nan Agege sun san sunan ne kawai a jikin filin jirgin saman Kano, ko a babban asibitin koyarwa da ake kai marasa lafiya idan an je gida. Dattawanmu kuwa, akwai waɗanda suka gan shi da idonsu, da farar rigarsa da jar hularsa.

Abin da ya sa muka zaɓe shi, da wuya mako ya wuce ba a kawo wa kwamitin masallaci koke ba. Yau an kwashe yara a samame, gobe an sallami maigadi da bashin albashin wata uku, jibi ɗan dako ya karye a bakin aiki an ce ya je Allah ya ba shi lafiya. Kusan duk wanda ya zo da irin wannan kuka, ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa shi baƙo ne a Ikko, talaka ne, ba shi da ta cewa. To, wannan tunanin shi ne abin da Malam Aminu ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙa.

Gidan da ya fito

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, ranar 9 ga Agusta 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne, mufti a kotun Alƙalin Kano, daga zuriyar Gyanawa, Fulanin da aka sani da ilimin shari'a da alƙalanci. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai karatu ce, saboda haka a cikin gida ya fara karatun allo. Daga nan aka sa shi makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna, wadda yau ake kira Barewa, ya gama a 1942 da shaidar malanta.

Kun ga ke nan ba ɗan talaka ba ne. A zamanin da masu ilimin boko a Arewa ba su taka kara sun karya ba, yaro ɗan gidan malaman fada mai takardar kwaleji hanyarsa a share take. Da ya so, da ya yi shiru ya bi layi, ya zama babban ma'aikacin En'e, ya ci ya sha har ya mutu. Sai dai ya tashi a gidan da ake karanta littattafan shari'a, yana kuma ganin yadda ake yin shari'ar a aikace, ya ga tazarar da ke tsakaninsu.

Halin da talaka yake ciki a lokacin

Sai mun ɗan bayyana wa matasa yadda zaman yake, in ba haka ba ba za su gane girman aikin ba. Turawa sun yi mulkin Arewa ne ta hannun En'e, wato hukumar gargajiya: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. 'Yan doka na En'e ne, kotun alƙali ta En'e ce, gidan yari ma na En'e ne. Wanda ya sa a kama ka, shi ne ubangidan wanda zai yi maka shari'a, shi ne kuma mai gidan da za a tsare ka. Lauya ba ya shiga kotun alƙali ya tsaya wa mutum.

Kowane baligi namiji yana biyan haraji, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Makiyayi yana biyan jangali a kan kowace saniya. Wanda ya kasa, a sayar da akuyarsa ko hatsinsa, wani ma a shanya shi a rana a gaban iyalinsa. Ga aikin tilas ba ko kwabo: noman gandun masu sarauta, gyaran hanya, ɗaukar kayan Bature idan ya fito rangadi. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, an yi abin da mutane suka kira diban gwamna, aka riƙa kwasar majiya ƙarfi daga ƙauyuka ana kai su haƙar kuza a Jos, da yawa sanyi da cuta suka kashe su a can. Cikin waɗanda suka biyo jirgin ƙasa zuwa Kurmi a wancan zamani, ba kowa ne fataucin goro ko shanu ya kawo ba, wasu gudun haraji da aikin tilas ne ya fito da su.

Ba muna cewa duk sarakuna da alƙalan lokacin azzalumai ne ba. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, tarihi ya san su. Matsalar ita ce idan aka yi rashin sa'a aka sami azzalumi, talaka ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Bauci, Landan da Maru

Aikinsa na farko koyarwa ne a Midil ta Bauci. A can ya zauna da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi tasiri ƙwarai a tunaninsa. Sun kafa zauren tattaunawa inda ma'aikata da malamai suke zama ana tambayar hukuma dalilin abin da take yi, abin da ba a saba gani ba. Tambayoyi suka yi ta zafi, har aka kai ga tambayar yadda ake yanka albashin sarki. Ba a daɗe ba hukuma ta rufe zauren.

A 1946 aka tura shi ƙaro karatun malanta a Jami'ar Landan. Ya tarar da Ingila a hannun jam'iyyar Leba, wadda ƙungiyoyin ƙwadago suka gina. Ya ga masu haƙar kwal da ma'aikatan jirgin ƙasa suna zama da gwamnati a yi cinikin albashi, ya ga ɗan leburan da ya zama minista. Abin ya tsaya masa a rai, don Turawan da suke ba talakansu wannan dama a gida su ne suke hana namu a nan.

Da ya dawo, a 1948 ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa, ya zama babban sakatarenta. Tana cikin ƙungiyoyin ma'aikata na farko da suka game Arewa baki ɗaya. Buƙatunta a fili suke: albashi mai kyau, ƙarin girma bisa cancanta, da mutunta malami. A lura, kafin Malam ya zama ɗan siyasa, ɗan ƙwadago ne. Darasin da ya fara koyarwa shi ne ma'aikaci ɗaya idan ya yi ƙorafi korarsa za a yi, amma idan dubu suka yi magana da baki ɗaya dole a zauna da su. Tsintsiya ai sai a ɗaure take shara.

Hukuma ta ɗauke shi daga Bauci ta kai shi Maru, a lardin Sakkwato na lokacin, jihar Zamfara a yau, ya shugabanci makarantar horon malamai. Nesanta shi da aka yi bai sa ya yi shiru ba. A watan Nuwamba 1950 ya ajiye aikin gwamnati da kansa, ya bar albashi da fansho, ya koma Kano.

Zamanin NEPU

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano, wadda a Hausa ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Malam yana Maru a lokacin, amma tare da shi ake shawara, kuma a 1953 ya zama shugabanta. Alamarta tauraro. Mutanenta kuwa teloli ne, mahauta, 'yan koli, maƙera, malaman allo, ƙananan 'yan kasuwa da manoma, wato irinmu. Ta yi rassa har a zangunan Hausawa na Kurmi, irin su Sabon Ibadan da nan Ikko.

Yadda Malam ya yi aikin shi ne abin lura. Bai tsaya rubuta takardun Turanci ba. Kasuwa-kasuwa yake bi, ƙauye-ƙauye, yana magana da Hausar da mai tallan goro zai gane. Da yake malamin addini ne mai tafsiri, da aka fara yaɗa cewa 'yan NEPU marasa kunya ne masu saɓa wa shugabanni, sai ya mayar da martani da Alƙur'ani da littattafan masu jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun zalunci na sarakunan da ya yaƙa. Malam ya riƙa tuna wa jama'a haka, yana nuna musu cewa neman adalci gadon Shehu ne, ba baƙon abu ba ne da aka kwaso daga Turai.

Abubuwan da ake koya wa talaka a tarukan NEPU ƙanana ne a ido, amma su ne suka girgiza ƙasa. Idan ka biya haraji ka karɓi rasit. Idan aka kira ka aiki ka tambayi ladan. Idan aka yanke maka hukuncin da ba ka yarda da shi ba, akwai ɗaukaka ƙara. Gaisuwa da ladabi wajibi ne, amma ba sai ka kwanta a ƙasa kana zuba turɓaya ba. Mutumin da kakanninsa ba su taɓa ɗaga ido sun dubi dagaci ba, sai ga shi yana tambayar dagaci dalili.

An biya wannan da tsada, wallahi. An ɗaure 'yan NEPU bila adadin a kan laifin taro ba izini ko zagin sarki. An yi wa wasu bulala a bainar jama'a, an kori wasu daga garuruwansu, an ƙwace gonaki da rumfunan kasuwa, an raba wasu da matansu. A Kano an sami gungun 'yan daba da ake kira 'Yan Mahaukata, waɗanda aikinsu farautar 'yan NEPU ne. Duk da haka Malam bai ce a ɗauki makami ba. Hanyarsa ita ce a rubuta abin da ya faru, da suna da rana da wuri, a kai babbar kotu, a kai jarida, a kai majalisa. Sau da yawa an yi rashin nasara, wani lokaci kuma babbar kotu ta soke hukuncin ta saki mutum. Kowane mutum ɗaya da aka saki, garinsu gaba ɗaya ya koyi cewa hukuncin hakimi ba shi ne ƙarshen magana ba.

A akwatin zaɓe ma an sha wuya. A 1951 zaɓen hawa-hawa aka yi. NEPU ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma kafin a kai matakin ƙarshe an cusa mutanen En'e cikin masu zaɓen, ko mutum ɗaya nata bai kai majalisar Kaduna ba. A zaɓen tarayya na 1954 Malam ya sha kaye a hannun Maitama Sule, wanda a lokacin ya koma NPC. Bai yi zuciya ba.

Daga dandalin kasuwa zuwa littafin doka

Malam ya gane cewa kuka a dandali ba ya isa, sai an rubuta haƙƙin talaka a cikin dokar da ta fi ƙarfin kowane mai mulki. Ya wakilci NEPU a tarukan tsarin mulki da aka yi a Landan a 1953 da 1957 da 1958. Abubuwan da jam'iyyarsa ta nace a kansu sun haɗa da zaɓe kai tsaye, ƙuri'a ga kowane baligi har da mata, raba kotu da hannun masu sarauta, da rubuta 'yancin ɗan Adam a tsarin mulki. Ba su kaɗai suka nema ba. Ƙananan ƙabilu ma sun matsa, kuma hukumar Willink da ta binciki koke-kokensu ta ba da shawarar haka a 1958. Da aka sami mulkin kai a 1960, tsarin mulkin Nijeriya ya zo da babi guda na 'yancin ɗan ƙasa. Jikan wannan babi shi ne babi na huɗu a tsarin mulkin 1999 da muke ƙarƙashinsa yau.

A zaɓen 1959, na farko da mazan Arewa suka zaɓi wakilan tarayya kai tsaye, Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas. Nan Ikko ya zo ya zauna a Majalisar Wakilai har 1964. Da yake NEPU tana ƙawance da NCNC, ita kuma NCNC ta shiga gwamnati tare da NPC, sai Malam ya sami kansa a ɓangaren gwamnati a Ikko alhali ana ɗaure mutanensa a Arewa. Wasu magoya bayansa ba su ji daɗin haka ba, kuma har yau masana tarihi suna muhawara a kai.

A zamanin Janar Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967 zuwa 1971, sannan na lafiya har 1974, duk a nan Ikko. A cikin waɗannan shekaru ne da yawa daga abin da NEPU ta sha duka a kansa ya tabbata. An ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, har da jihar Kano. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha, aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma hannun tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo zaɓaɓɓun kansiloli. Sojoji ne suka sa hannu a dokokin, amma shekara ashirin aka yi ana share musu fage.

Haƙƙin mata

Iyayenmu mata, wannan ɓangaren naku ne. Matan kudu suna jefa ƙuri'a tun kafin mulkin kai, matan Arewa kuwa an hana su har 1976. Tun farkon shekarun 1950 Malam yake cewa a ba su, a lokacin da faɗin haka yake jawo wa mutum zagi. NEPU ta kafa reshen mata, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta jagorance shi, aka ɗaure ta sau da dama ba ta fasa ba. Malam yana cikin waɗanda suka fara kafa makarantun Islamiyya na zamani a Kano, inda yara mata da maza suke koyon Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci a aji, bisa tsari. Hujjarsa ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu malama ce mai karantar da mata, saboda haka barin mace cikin jahilci ba koyarwar magabata ba ce. Islamiyyar da 'ya'yanmu suke zuwa da yamma a unguwannin nan tana da alaƙa da wannan ƙoƙari.

PRP da soke haraji

Da soja suka buɗe fagen siyasa a 1978, Malam ya fara zama da waɗanda suka kafa NPN, bai ga wurin talaka a tafiyar ba, ya fita ya kafa PRP mai alamar mabuɗi. Cikin manyanta akwai Michael Imoudu, jagoran ma'aikatan jirgin ƙasa na nan Ikko, wanda ya yi suna a babban yajin aikin 1945 da aka yi kwana 44 ana yi. Kun ga yadda gwagwarmayar talakan Arewa da ta leburan Ikko suka haɗu a inuwa ɗaya.

Gab da zaɓen 1979 hukumar zaɓe ta FEDECO ta ce Malam ba zai tsaya takarar shugaban ƙasa ba saboda batun takardun haraji. Bai tura matasa kan titi ba, kotu ya tafi, kotu ta wanke shi ya tsaya. Ya zo na huɗu cikin 'yan takara biyar, Alhaji Shehu Shagari ya ci. Amma PRP ta ci gwamnonin jihohi biyu, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina. Suna hawa a watan Oktoba 1979 suka soke haraji da jangali. Dattawan da suka ga ranar suna ba da labarin irin murnar da aka yi a ƙauyuka. A 1980 gwamnatin PRP ta Kano ta fara ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, a 1981 gwamnatin tarayya ta mayar da shi hutun ƙasa baki ɗaya. A wannan shekara ce kuma, bayan yajin aikin NLC, aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa a kan naira 125 a wata.

Ƙarshen tafiyar bai zo da daɗi ba. PRP ta dare biyu, Santsi da Taɓo, gwamnonin biyu da Imoudu suka yi gefe guda, Malam da wasu suka yi gefe guda. Almajirai suka yi wa malaminsu baki, aminai suka daina gaisawa. An tsige Balarabe Musa a watan Yuni 1981. Malam yana shirin takarar 1983, har ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya, sai Allah ya karɓi abinsa ranar Lahadi 17 ga Afrilu 1983, yana da shekara 62. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yau cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana riƙe da ma'aikatun tarayya ya tafi bai bar kamfani ko rukunin gidaje ba. Wannan shaidar har abokan hamayyarsa sun ba shi.

Abin da doka ta ba mu yau

'Yan uwa, haƙƙin da aka sha bulala kafin a rubuta shi, asara ce babba a ce muna da shi ba mu sani ba. Ga kaɗan daga ciki, a karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zuwa ko'ina da zama a ko'ina cikin ƙasar. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida a kowace jiha. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa, addininsa ko garin da ya fito. Bakano ko Basakkwace a Agege ɗan ƙasa ne cikakke. Dokokin jihar da muke zaune kuma, na kasuwa da na hanya da na tsafta, wajibi ne mu kiyaye su, mu zauna lafiya da masu masaukinmu.

Sashe na 34 ya haramta azabtarwa da wulaƙanci da aikin tilas. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, yana da damar yin shiru har ya ga lauya, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma idan ba ya jin Turanci a ba shi tafinta kyauta. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 da takwararta ta jihar Legas sun hana a kama wani a madadin wani, wato ba a kama uba don ɗansa ya gudu, ko mata don mijinta. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. Kada wanda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba.

Ga ma'aikata, sashe na 40 ya ba da damar kafa ƙungiya ko shiga ƙungiya. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai bayyana aikinsa da albashinsa da sharuɗɗan sallama. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yuli 2024 naira 70,000 ne, sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Akwai kotun ma'aikata ta ƙasa da aka ware don irin waɗannan ƙararraki. Wanda ba shi da kuɗin lauya, jihar Legas tana da ofishin lauyoyin talakawa da aka fi sani da OPD, tana da cibiyar sasanta jama'a kyauta mai duba rigimar haya da bashi da albashi, ga kuma hukumar Legal Aid ta tarayya da aka kafa tun 1976.

Mun sani, abin da ke takarda daban, abin da ake gani a titi daban. Haka yake a zamanin Malam, har ma ya fi. Abin da ya bambanta mutanensa shi ne ba sa zuwa ɗaya-ɗaya, kuma ba sa zuwa hannu sake. Idan an kama ɗan uwa, a rubuta sunansa da rana da lokaci da wurin da aka kai shi, a sanar da shugabannin unguwa da kwamiti tun a ranar, kada a jira sai an tara kuɗi a ɓoye. Wanda zai kama aikin gadi ko na shago, ya nemi a rubuta yarjejeniya ko da layi biyar ne, da shaidu biyu. Kowa ya mallaki katin ɗan ƙasa, ya riƙa yawo da shi.

Gyara kayanka

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mai nauyi. Alhazanmu da hajiyoyinmu, da yawa cikinmu a yau mu ne masu gida. Muna da yaran shago, da direbobi, da masu yi mana kiwo da fiɗa a mayanka, da 'yan mata masu aiki da aka kawo daga ƙauye. Yaro ya yi shekara bakwai yana tsaron shago a kan alkawarin sallama, ranar sallama ta zo a laƙa masa sata. Yarinya 'yar shekara goma tana wanke-wanke tun asuba, 'ya'yan gida suna tafiya makaranta tana kallo. Mai gadi ya yi wata biyu ana ce masa sai kaya sun fita. Wanda yake yin haka, da bakin me zai yi kukan an zalunce shi a hanya?

Tun kafin a rubuta dokar ƙwadago, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni a biya ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba, kuma ya sanar da mu cewa wanda ya sa mutum aiki ya hana shi lada, Allah da kansa ne abokin shari'arsa ranar alƙiyama. A wannan kotu babu beli, babu ɗaukaka ƙara. Duk wanda ya san akwai haƙƙin wani a hannunsa, ya yi ƙoƙari ya sauke kafin Juma'a mai zuwa. Wanda kuma yake da koke, ko a kan na waje ko a kan na gida, ƙofar kwamiti a buɗe take bayan sallar La'asar.

Allah ya jiƙan Malam Aminu Kano, ya gafarta masa kurakuransa, ya saka masa da Aljanna Firdausi, shi da duk waɗanda suka sha wuya don talaka ya ɗaga kai. Allah ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Ya tsare mu daga zalunci, kada mu yi, kada a yi mana. Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum. Juma'a mai albarka.

Sakataren masallaci, a madadin kwamiti